Ƙaurar 2021 daga World of Warcraft zuwa Final Fantasy XIV

A tsakiyar shekarar 2021 ɗimbin 'yan wasan World of Warcraft suka tattara nasu ya nasu suka koma Final Fantasy XIV. Ga mutumin da ya shekara goma yana rainon jarumi ɗaya, yana haɗuwa da abokai ashirin kowane mako don su kayar da dodo guda, wannan kamar tashi ne daga unguwar da aka haife shi. Sai da dalili mai nauyi.

World of Warcraft, wasan kamfanin Blizzard, ya fito a 2004, kuma a 2010 masu biyan kuɗinsa duk wata sun kai miliyan 12. Abin da ya gajiyar da mutane daga baya shi ne aikin dole. Babin Shadowlands, wanda ya fito a Nuwamban 2020, ya ɗora wa ɗan wasa hidimomin da in ya tsallake su mako ɗaya sai a bar shi a baya, ga shi ƙarfin da ya sha wahalar tarawa za a share shi da zarar sabon babi ya zo. Sannan aka yi wata bakwai ba wani ƙari na a zo a gani. Ana cikin haka, a watan Yuli, wata hukuma ta jihar Kalifoniya ta maka kamfanin Activision Blizzard a kotu bisa zargin wariya da cin zarafin ma'aikata mata. Masu jan ƙafa suka samu hujja. A ganina ƙarar ta ingiza wanda dama yake bakin ƙofa ne, gajiya ce ta kai shi wurin.

Shi kuwa Final Fantasy XIV ya taɓa faɗuwa warwas a 2010, har kamfanin Square Enix ya rufe shi ya sake gina shi a ƙarƙashin Naoki Yoshida, ya dawo a 2013. A 2021 ana iya gwada shi kyauta har mataki na 60, kuma Yoshida ya sha gaya wa 'yan wasa cewa in sun gama abin da ke akwai su je su huta, su dawo daga baya. Wanda ya saba da bulala, wannan magana ta fi masa kowace talla. Da Asmongold, shahararren mai watsa wasa a Twitch, ya fara buga shi a Yuli, sai jama'a suka biyo shi.

Cunkoso ne ya fara tarbar baƙi. Da babin Endwalker ya fito a Disamba, mutum kan shafe sa'o'i a layi da dubbai a gabansa, ya kusa shiga sai saƙon kuskure ya mayar da shi ƙarshe. Ƙarancin kayan haɗa kwamfuta a duniya ya hana kamfanin ƙara injunan da ke ɗaukar wasan, dole ya daina sayar da shi har 25 ga Janairun 2022, ya ba masu biya kwana 21 kyauta. Bayan layi kuma akwai dogon labari na ɗaruruwan sa'o'i da sabon shiga zai bi, galibi shi kaɗai. Nan ne aka rabu. Wanda ya ƙaura da ƙungiyarsa ya samu masu jiransa. Wanda ya tafi shi ɗaya yakan waiwaya, musamman da Blizzard ya ji jiki ya rage aikin dolen a babin Dragonflight na 2022.

Bin yayi kawai ma ba ya riƙe mutum: wasan New World na Amazon ya tara sama da mutum 900,000 a lokaci guda a 2021, cikin 'yan watanni akasarinsu suka watse.

Ga ɗan wasa a Kano ko Yamai akwai ƙarin lissafi. Injunan da suka fi kusa da shi suna Turai, kuɗin wata kuma da kuɗin waje ake biya, don haka riƙe wasa biyu ba ƙaramin abu ba ne. Gara ya fara da gwajin kyauta, ya ja abokai biyu ko uku su shiga tare, kafin ya yanke biyan tsohon.