Mai Koyon Jita Ya Dubi Mai Allo

 Ya ku malamai da fatake, ga wata magana da ta shafi samarinmu na Kaduna, tun daga Kawo da Unguwar Kanawa har Unguwar Rimi. Yaro yakan tara kuɗi ya sayi jita, watau molon Turawa mai tsirkiya 6, ya koyi kama wuri uku ko huɗu, daga nan sai ya cije, shekara ta zagayo yana nan inda yake. Kuɗi sun tafi, lokaci ya tafi, hannu kuwa bai ƙaru da kome ba.

Game da hukunci, malamai sun saɓa tun da. Imamu Gazali cikin Ihya'u ya sa kayan tsirkiya cikin abin da ya hana, Ibnu Hazmin Andalus kuwa ya halatta. Kowane uba ya tambayi malaminsa. Amma wanda aka bar wa abin a hannu, to, ya kyautu ya koye shi bisa tsari, domin wasa da lokaci ba wanda ya halatta shi.

Tsarin kuwa yana nan a tsangaya. Almajiri ba ya fara hadda sai ya ƙare babbaƙu da farfaru, ba ya wanke allo sai ya biya gaban malam an yarda. Haka mai jita. Farko ya iya saita tsirkiya da kunnensa, gama kayan da ba su saitu ba suna lalata kunne, kamar yadda karatun da aka ɗauka da kure yake wuyar gyara. Sa'an nan ya ɗauki ɗan gajeren kiɗa guda, ya maimaita shi sannu sannu, yana buga ƙafa don kada ya yi gaba ko baya, har yatsunsa su yi kanta. Rabin sa'a kullum ya fi yini guda a mako. Kada kuma sabo ya sa ya saki tsoho. Abin da tilawa take wa mahaddaci, shi bita take wa makaɗi.

Ya san kuma abin nan da lissafi aka gina shi. In ya danne tsirkiya a kan ƙarfe na 12 da ke wuyan jita, ya raba tsawonta biyu daidai, sai ta ba da muryarta ta farko amma a sama. Irin wannan awo Alfarabi, wanda ya rasu a 950, ya yi bayaninsa a kan udu cikin babban littafinsa na musiƙa. Wanda ya gane wannan ya daina lalube.

Yawan tsirkiya ba shi ne gwaninta ba. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, kuntiginsa tsirkiya ɗaya tak gare shi, amma da shi ya zaga duniya. Ali Farka Ture na ƙasar Mali da mai tsirkiya ɗaya ya fara, sai a 1956 ya ga Kaita Fodeba na Gini yana kaɗa jita, ya ɗauke ta, ya zuba mata kiɗan ƙasarsu. Saboda haka yaron Kaduna ya kasa kunne ga gurmin Haruna Uji da kukumar Garba Supa, irin waɗanda Rediyon Kaduna, da aka kafa a 1962, ya watsa wa Arewa, ya nemi muryoyinsu a jikin jitarsa. Wanda ya kwaikwayi baƙo kaɗai, almajirin baƙo zai tabbata.

Daga ƙarshe ya nemi wanda ya fi shi ya zauna gabansa, domin waya tana nuna hannu amma ba ta cewa ka yi kure. Iyaye kuma su sa masa iyaka: in an kira salla a ajiye, kada ta ci karatu ko kasuwa, kada ta kai shi zaman banza. Sannu ba ta hana zuwa.

Allah ya shirya mana zuriya, ya sa albarka cikin lokacinmu. Amin. Wassalamu.