Shin Ko Kun San? Titin Da Ba A Shimfiɗa Shi Sai Kun Iso

Shin ko kun san titin nan da yara suke sheƙa gudu a kansa a cikin waya, suna kauce wa jirgin ƙasa da shinge, ba a ajiye yake a cikin wayar ba? Babu shi! Sai mai gudu ya matso ake shimfiɗa masa. Yana wucewa a naɗe.

Ku leƙa rumfar mai cajin waya a Kawo ko Tudun Wada da yamma. Ku leƙa gidan gem a Unguwar Shanu ko Badarawa. Samari suna kan ƙwallo, kowa da hannun gem ɗinsa. Ƙananan da ke raɓe a gefe kuwa, waya ɗaya kai huɗu, tsere suke yi: ko Subway Surfers ko Temple Run. Ku tambaye su ina hanyar ta ƙare. Ba wanda ya taɓa gani, kuma ba mai gani, domin ba a yi mata ƙarshe ba.

To ta yaya? Masu haɗa gem ba sa zana titin gaba ɗaya. Guntaye suke yi: miƙaƙƙe, kwana, gada, rami, shinge. Sai su gindaya wa kwamfuta dokoki. Kada ki toshe layi uku a lokaci guda. Kada ki haƙa ramin da ya fi ƙarfin tsalle. In gudu ya ƙaru, ki matso da cikas kusa da kusa. Daga nan sai a miƙa mata lamba ɗaya tak, wadda suke kira iri. Kamar ƙwayar kuka ce: ga ta a tafin hannu, amma rassa da gindi duk suna ciki. A canza lambar, titi ya canza. A maimaita ta, titin jiya ya dawo ba tare da kuskuren taku ɗaya ba.

Ga wani abin da zai ɗaure muku kai. A da yawa daga cikin irin waɗannan wasanni, mai gudun ba ya zuwa ko'ina! Yana nan tsaye wuri ɗaya yana wutsil-wutsil da ƙafa, duniyar ce take kwararowa ta kansa. Shingen da ya wuce ma ba a zubar da shi. A zagaya da shi ta baya, a sake dasa masa shi a gaba. Shinge ɗaya sai ya tare ku sau ɗari, ku kuwa kuna ganin sabo ne!

Kun ɗauka dabarar ta zamanin Android ce? Ina! A 1982 wata mata a Amurka mai suna Carol Shaw ta haɗa wa kamfanin Activision wani gem, River Raid. Jirgin yaƙi ne yake bin kogi, yana kauce wa gaɓa da jiragen ruwa, yana fasa gadoji, yana neman mai. Duka gem ɗin kilobait 4 ne. Ku ji fa, 4! Hoton biki ɗaya da ke cikin wayarku ya ninka shi sau ɗaruruwa. Ƙwaƙwalwar aikin na'urar da ake buga shi a kai, Atari 2600, bait 128 ce. Ko cikakken saƙon tes ɗaya ba zai shiga ba. Ina za a ajiye kogi? Sai ta ƙi ajiye shi. Ta rubuta ɗan lissafin da yake haifar da kogin layi bayan layi, ta kafe irin a lamba ɗaya. Shi ya sa duk wanda ya kunna, a ko'ina yake a duniya, kogi ɗaya yake bi, har gwanaye suka haddace kwanoninsa. A 2017 aka karrama ta a bikin The Game Awards. Ta cancanta, har da ƙari.

Shekara biyu bayan kogin, a 1984, ɗalibai biyu na Jami'ar Kambirij a Ingila, David Braben da Ian Bell, suka fito da gem ɗin Elite. Gungun taurari 8, kowane da duniyoyi 256. Ku lissafa: 2,048. Kowace da sunanta, da tsarin mulkinta, da farashin kayan kasuwarta. Duk a kwamfuta mai kilobait 32, duk daga iri mai bait 6. Da farko ma gungun taurari sama da tiriliyan 281 suka so sakawa, kamfanin da ya buga gem ɗin ya ce a rage, yawan zai tona cewa lissafi ne. Kuma da yake kwamfuta ce take raɗa sunayen, sai da suka bi suna tantancewa don kada ta raɗa wa wata duniya ashar!

Yanzu ku gyara zama. A 2016 wani ƙaramin kamfani a Ingila, Hello Games, ya saki No Man's Sky. Yawan duniyoyin da ke ciki: 18,446,744,073,709,551,616. Ku gwada karanta wa na kusa da ku. In za ku leƙa kowace na daƙiƙa ɗaya, ba barci ba cin abinci, sai kun shekara kusan biliyan 585. In aka raba wa mutanen duniya biliyan 8, kowa zai tashi da duniyoyi sama da biliyan 2. Tirƙashi! Jariri ma da kasonsa.

Lissafin haifar da abu mai yawa daga ɗan kaɗan kuwa ba baƙo ba ne a yankinmu. Wani masani ɗan Amurka, Ron Eglash, a littafinsa African Fractals na 1999, ya bibiyi bugun ƙasa irin na Bambarawa. Malamai sun yi hani da duba, kuma ba shi ne zancenmu ba. Ƙirgen shi ne abin lura. Siffofi 4 ake fara fitarwa daga zanen yashi, sauran 12 kuwa daga cikinsu ake ciro su ta hanyar duba cika da mara. Cika da mara ɗin nan, sifili da ɗaya ke nan, harshen da kwamfuta take ji.

Mu koma kan gudu, don nan daɗin yake.

A Nuwamban 1990 kamfanin Nintendo na Japan ya fito da F-Zero. An kafa labarinsa a shekara ta 2560. Motocin ba su da taya, a kan iska suke shawagi, suna wuce kilomita 400 a awa. Titin da kuke gani yana lanƙwasa yana tahowa? Hoto ne shimfiɗaɗɗe guda ɗaya, na'urar take juya shi tana zuƙo shi. Ido ne kawai ake yaudara, kuma yana yarda.

A 1998 ƙaninsa ya iso, F-Zero X. Motoci 30 a titi ɗaya, hoto 60 a kowace daƙiƙa, gudu ya haura kilomita 1,000 a awa. Don na'urar ta iya ɗaukar wannan nauyi sai suka sadaukar da ado: ba itatuwa, ba gine-ginen kirki, titi da gudu kawai. A ganina sun yi daidai, domin mai irin wannan gudu ba ya kallon gefen hanya. A ciki kuma suka ɓoye wata gasa, X Cup, wadda take ƙirƙiro sabon titi duk lokacin da aka shiga. Ba haddacewa, ba "na san kwanar nan". Wani lokaci titin yakan fito da mugunyar kwanar da motocin kwamfutar da kansu suke zubewa ƙasa ɗaya bayan ɗaya! A 2023 aka ƙara wa abin gishiri da F-Zero 99: mutum 99 a titi ɗaya ta intanet.

Kun san me ake nufi da kilomita 1,000 a awa? Daga Kawo zuwa Zariya, tafiyar kusan kilomita 80, ba za ta cika minti 5 ba. Layin dogon da ya tashi daga Rigasa zuwa Idu a Abuja, kilomita 186, minti 11 ne da 'yan daƙiƙoƙi. Kafin mai shayi ya gama soya ƙwai kun je kun fara dawowa! Dokin sukuwa mafi zafin gudu, irin wanda ake yi wa kirari, bai kai kilomita 90 a awa ba. Filin Murtala da kuke wucewa kullum, wanda asalinsa filin sukuwa ne, kafin ku ƙifta ido sau biyu motar F-Zero ta ratsa shi.

Ga kuma lissafin da ya fi ba ni mamaki. Daga lokacin da ido ya ga abu zuwa lokacin da yatsa ya motsa, mutum yakan ci kusan rubu'in daƙiƙa. A wannan gudu, rubu'in daƙiƙa mita 70 ne. Wato kafin yatsa ya amsa, an cinye kashi biyu cikin uku na filin ƙwallo. Shi ya sa gwanin gem ba ya kallon motarsa. Can ƙarshen allo yake kafa ido, inda titi yake ɓullowa. Ku lura da idon yaron da ya iya, za ku gani.

An taɓa yin wannan gudu a zahiri kuwa? An yi! Ranar 15 ga Oktoba 1997, wani matuƙin jirgin yaƙi ɗan Ingila, Andy Green, ya tuƙa motar ThrustSSC a hamadar Nebada ta Amurka, ya kai kilomita 1,228 a awa. Ya fi sauti gudu, a ƙasa, a kan taya! Shawagi ba taya ma ba tatsuniya ba ce: a Afrilun 2015 jirgin ƙasan Japan mai tafiya a kan maganaɗisu ya kai kilomita 603 a awa, bai taɓa dogo ba.

Gem ɗin Wipeout kuwa, wanda aka haɗa a birnin Libaful a 1995, ya ce tserensa na shekara ta 2052 ne. A lokacin abin ya yi nisa. Yau fa? Jaririn da aka haifa a Asibitin Barau Dikko bana, ranar bai kai shekara 30 ba!

Gem ɗin da duk mai sola a Kaduna zai fahimta tun kafin a gama bayani shi ne Race the Sun. 'Yan'uwa biyu a Amurka, Aaron da Forest San Filippo, suka fitar da shi a 2013, bayan jama'a sun yi musu karo-karo na sama da dala 20,000 ta intanet. Jirginka da hasken rana yake tafiya. Rana tana gabanka, tana faɗuwa. Ka shiga inuwar gini, caji ya ragu, gudu ya mutu. Ka daki bango, shi ke nan. Ba abokin hamayya ko ɗaya, kai da magariba kuke tsere, kuma kullum ita take ci. Tambayar kawai ina ka kai. Sai babban abin: duk awa 24 ake rushe duniyar gem ɗin a haifi sabuwa. Kowa a duniya titi ɗaya yake bi a ranar. Ɗan Malali da ɗan Tokiyo, cikas ɗaya, inuwa ɗaya. Ka kwana kana haddace hanya, gari ya waye babu ita!

Akwai kuma mai gina titi da waƙa. Audiosurf sunansa, na 2008, aikin Dylan Fitterer. Ka ba shi kowace waƙa da ke kwamfutarka, ya saurara, ya mayar da ita hanya. Inda kiɗa ya lafa, hawa ne a hankali. Inda ya yi zafi, gangara ce ba birki. Ku sa masa kalangun Shata, ku sa masa kuntigin Ɗanmaraya, kowanne da irin titin da zai haifa. Kai, wannan ya isa a gwada!

Temple Run fa, kun san mutum nawa suka haɗa shi a 2011? Uku: miji da mata, Keith Shepherd da Natalia Luckyanova, da mai zane ɗaya. Zuwa 2014 an sauke shi da 'yan'uwansa sau biliyan 1. Subway Surfers kuma daga Denmak ya fito a 2012, kuma a 2018 ya zama gem na farko da aka sauke sau biliyan 1 a Google Play. Wannan ƙirge bai san da waɗanda aka tura wa ta Xender a bakin Kasuwar Gumi ba!

'Yan gida ma sun taɓa. Kamfanin Maliyo Games na Legas, wanda Hugo Obi ya kafa a 2012, ya yi Okada Ride, inda ɗan acaɓa yake kutsawa cikin cunkoso, ya kuma yi Aboki Run. Ni dai ina ɗokin ranar da ɗalibin Kadpoly ko KASU zai zauna ya yanka guntayenmu: gadar Kawo, shataletale, Keke mai tsayawa ba sigina, garken shanu, ruwan Agusta. Guntaye 20 da dokoki masu kyau sun isa. Canabalt, wanda ya buɗe wa wasannin gudu ba tsayawa kasuwa a 2009, cikin kwana 5 Adam Saltsman ya haɗa shi.

Data ta ƙare? Sabis ya ɗauke? Ku buɗe Chrome, ku taɓa ɗan dainoson nan da yake fitowa. Gem ne! Tun 2014 yake nan yana tsallake ƙaya. A 2018 masu shi suka ce ana buga shi sau miliyan 270 a wata, kuma an saita shi ne ya ƙare bayan shekara miliyan 17 ana gudu.

Na ƙarshe, ku ajiye wa abokan gardama. A cikin Distance, tseren motoci masu tashi sama da bin bango suna kauce wa zarto da wutar leza, wanda aka kammala a 2018, akwai wurin da ake rubuta kalma. Kowace kalma. Ita ce irin. Ku rubuta Rigasa, titi ya fito. Ku rubuta Mando, wani daban ya fito. Ku kira abokinku a Kano ko Maraɗi ku faɗa masa kalmar, ya rubuta a tasa kwamfutar, ya sami titinku sak, kwana da kwana, zarto da zarto. Sai ku sa lokaci, a ga wanda zai riga kaiwa!