Daga furar Damargu zuwa taliyar jami'a: me awon jiki ke nuna wa ɗalibi?

Duk shekara, matasan Tanut da Belbeji da suka samu BAC kan tattara kayansu zuwa Damagaram, Jami'ar André Salifou, wasu kuma su zarce Yamai. Abin da ke fara sauyawa a rayuwarsu shi ne cimaka. A Damargu, ƙasar hatsi da dabbobi, an saba da fura da nono da tuwon gero. A birni kuwa sai shinkafa, taliya, burodi da shayi mai sukari, a resto ko wajen mai shayi, gwargwadon abin da aljihu ya iya.

Wannan sauyi kan bayyana a jiki ta hanya biyu: mai tsallake karin kumallo don kuɗi sun ƙare ya rame, mai yawan cin soye-soye da shan lemon kwalba ya yi tumbi.

Ma'aikatan lafiya na gane haka da awon da ake kira IMC da Faransanci: a raba nauyin mutum da tsawonsa, a sake rabawa da tsawon. Mai mita 1.70 da kilo 50 zai samu 17.3, in kilo 75 ne, kusan 26. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce ƙasa da 18.5 rama ce, daga 25 nauyi ya yi yawa, daga 30 kuma ƙiba ce mai buɗe ƙofa ga hawan jini da ciwon sukari.

Sai dai IMC ba ya bambanta tsoka da kitse, ba ya kuma nuna ƙarancin jini, wanda ya fi addabar 'yan mata, yana kawo kasala da rashin natsuwa a aji. Shi ya sa ake ƙarawa da awon ƙugu: kada zagayensa ya wuce rabin tsawon mutum. Igiya ma ta isa a gwada.

Gyaran ba sai da kuɗi masu yawa ba. Gero ya fi farar shinkafa sinadarin ƙarfe mai gina jini; wake, ƙuliƙuli da zogale na da araha. A jinkirta shayi kamar awa ɗaya bayan cin abinci, domin yana rage shigar sinadarin a jiki. Iyayen da ke aika wa ɗansu tiyar gero da wake daga ƙauye, ba ƙaramin gata suke yi masa ba.