Ma'aikata Huɗu A Cikin Ƙirjin Mutum

A Kongo ta Zariya, inda Jami'ar Ahmadu Bello take koyar da shari'a da aikin mulki, ɗalibai suna nazarin yadda ake yanke hukunci. To, wane sashe ne na mutum yake yankewa?

Masanan Hindu na mazhabar Vedanta a ƙasar Indiya sun kasa cikin mutum gida huɗu. Manas ita ce mai karɓar saƙon ido da kunne, tana kai-kawo cikin shakka. Citta ita ce ma'ajiyar abin da ya wuce. Buddhi shi ne mai tantancewa ya zartar. Ahamkara kuwa shi ne mai cewa "ni ne, nawa ne".

Malaman zaure na birnin Zazzau ba baƙin irin wannan bincike ba ne, domin Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya bambanta zuciya da ruhi da rai da hankali a littafinsa Ihya'u.

Ma'aikaci ya kula. Idan takardar talaka ta iso tebur, sau da yawa mai "nawa ne" yakan riga hankali ɗaukar alƙalami, daga nan haƙƙi yake salwanta.