Buhu da Mota: Tasirin Mazubi da Jigila a Kan Cinikin Amfanin Gona a Ƙasar Gwandu

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta duba wasu abubuwa biyu waɗanda akan tsallake su idan ana zancen bunƙasa noma, watau mazubin da ake zuba amfanin gona a ciki, da kuma jigilar da ke ɗauke shi daga gona ta kai shi hannun mai saye. Galibi hankalinmu yakan tafi ga iri da taki da bashin banki, kamar dai da zarar an girbe amfani an gama wahala. Za mu tsaya a Diggi, ɗaya daga cikin garuruwan Ƙaramar Hukumar Kalgo a masarautar Gwandu ta Jihar Kebbi, mu bi kaya daga nan har inda suke zuwa. Abin da takardar ke son tabbatarwa shi ne, girman buhu da irinsa ba son ran manomi ba ne; yadda ake biyan kuɗin dako da la'ada da haraji shi ke yanka wa buhu girmansa, sa'an nan asarar da ta biyo baya ta zagayo ta faɗa wa manomi.

Huhun goro da kasuwar Jega

Wannan al'amari ba baƙo ba ne a ƙasar Gwandu. A ƙarni na 19 kasuwar Jega, garin da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa, tana cikin manyan kasuwannin Daular Usmaniyya, kuma babban zango ce ga fataken Gwanja. Ayari yakan taso daga Kano ko Sakkwato, ya yada zango a Jega, ya haye Kwara, ya ratsa Bargu har Salaga, ya juyo da goro a kan jakuna da kawunan 'yan alaro. Tafiya ce ta watanni, goro kuwa ba ya son bushewa, ba ya kuma son zafi. Dabarar da fatake suka yi ita ce huhu: a shimfiɗa ɗanyen ganye mai faɗi, a jera goro, a rufe, a ɗaure tamau. A kan hanya kuma lokaci lokaci sai a kwance, a tsince wanda sankara ta kama don kada ya ɓata sauran, a yayyafa ruwa, a sake ɗaurewa. (Wannan sankara ta goro ce daga baya aka ara aka raɗa wa cutar daji.) Nauyin huhu kuma ba da ka ake yin sa ba, abin da jaki zai iya ɗauka gefe da gefe shi ne ma'auni. Ashe ke nan tun a wancan zamani mazubi da abin hawa tare ake lissafinsu.

Abin da ya karya wannan fatauci shi ma darasi ne. Turawan Ingila sun ci Asante da yaƙi a 1874, Salaga ta yi yaƙin basasa a 1892, aka koma ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko, kana jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Goron bai sake ba, masu cinsa ba su ragu ba, hanya ce kawai ta kauce. Reshen dogo da ya nufo yamma ya tsaya a Kaura Namoda a 1929, bai ƙaraso ƙasar Gwandu ba, don haka yankin ya dogara ga mota ɗungurungum.

Shinkafa: daga shanshera zuwa buhu mai hatimi

Shinkafar fadama ita ce ƙashin bayan noman wannan yanki, musamman tun da injin ban-ruwa ya yawaita aka shiga noman rani gadan-gadan. A Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba na 2015, aka kuma buɗe babbar masana'antar casa ta WACOT a Argungu a 2017, ban da ta Labana da ke Birnin Kebbi. To amma mu dubi buhun da manomin Diggi ke ɗinkewa a bakin gona. Shanshera ce a ciki, watau shinkafa da ɓuntunta. Ana kiran buhun da sunan mai kilo 100, alhali shanshera ba ta kai tsaba nauyi ba, saboda haka abin da ke ciki ya dogara ga yadda aka danƙara shi, da laimar da ke jikin ƙwayar, da ƙasa da tsakuwar da suka biyo ta daga masussuka. Masana'anta da sikeli take saye, tana kuma auna laima, domin shinkafar da laimarta ta wuce kashi 14 cikin 100 ba ta ajiyuwa. Manomi da buhu yake sayarwa. Tsakanin buhu da sikeli nan ne ribar ɗan tsakiya take, kuma ba lalle ne a kira shi macuci ba, tun da shi ma bai san abin da ya saya ba sai an ɗora a sikeli. Don ya kare kansa sai ya karya farashi ga kowa, mai tsabtataccen kaya da mai ha'inci baki ɗaya. A ganina wannan ita ce babbar illar ciniki da buhu: manomin da ya ɓata kwanaki yana shanya a kan tamfol yana sheƙewa ba ya samun ladan wahalarsa, baɗi kuwa ba zai sake yi ba.

Akwai kuma lissafin mota. Idan aka cashe shanshera, abin da ke fita tsaba bai cika wuce kashi biyu cikin uku ba, sauran ɓuntu ne da dusa. Wanda ya ɗauki shanshera zuwa nesa, to kusan sulusin kuɗin motarsa ya biya ne don a kai masa abin da ba za a ci ba. Wannan shi ne hikimar kafa injin casa kusa da fadama. Tsabar kuwa idan ta fito a buhu mai kilo 50, tirela mai ɗaukar tan 30 buhu 600 take ɗauka cif, mai kaya da direba da mai saye duk sun san abin da ke kan motar ba tare da an kwance ɗinki ba. An ga amfanin haka a Disamba ta 2016, sa'ad da gwamnatocin Legas da Kebbi suka fito da LAKE Rice a buhu mai kilo 50 da 25 da 10, a kan Naira 12,000 da 6,000 da 2,500. Shirin bai ɗore ba, amma ya nuna cewa shinkafar da mutanen birni ke rainawa a kwano, suna layi su saye ta idan ta zo a tsince cikin buhu mai suna da tabbataccen nauyi.

Albasa da buhun da ya fi ƙarfin ɗan dako

Inda batunmu ya fi fitowa fili shi ne cinikin albasa, wanda Aliero, maƙwabciyar Jega da Gwandu, ta yi fice a kai. Albasa abu ce mai rai, tana numfashi, tana fitar da ɗumi da laima ko bayan an cire ta. Shi ya sa manoma ke ajiye ta a rudu, watau dandamalin kara da itace da aka ɗaga daga ƙasa aka yi masa rufin ciyawa don iska ta ratsa, shi ya sa kuma ake zuba ta a buhun algarara mai ƙofofin iska, ba buhun roba irin na taki ba. Har nan dai dabarar gargajiya ta yi daidai.

Matsalar tana ga cikon. Mai mota bisa kan buhu yake yanka kuɗinsa, ba bisa nauyi ba. Haka ɗan dako, haka dillali, haka mai karɓar kuɗin kasuwa. Tun da buhu ɗaya kuɗinsa ɗaya ne ko ƙarami ko babba, ɗan kasuwa mai hankali zai cusa iyakar abin da buhu zai ɗauka, ya tula wani a kai, ya ɗinka masa hula, har nauyi ya haura kilo 100. Kowane mataki a nan yana da dalilinsa, amma a dubi sakamakon. Buhun da ya fi ƙarfin mutum ba a sauke shi, sai dai a jefar. Na ƙasa a cikin mota yana ɗauke da nauyin sahu da yawa na 'yan'uwansa, a rufe da tamfol, cikin zafin bazara. Albasar da ta ƙuje nan take ruɓa ke shigarta, ta shafi ta kusa da ita, kuma babu mai kwancewa ya tsince a hanya yadda fataken goro ke yi. Ita motar kuma ta ɗauki fiye da ƙima, ta farfasa kwalta, ta karye a daji, kwana biyu su zama biyar. Ɗan kasuwa ya san wani kaso zai lalace kafin a kai kasuwar Mile 12 ta Legas, don haka tun a Aliero yake cire wannan kaso daga kuɗin da zai ba manomi.

Ana yawan ba da shawarar a koma ga ƙaramin buhun raga, ko akwatin roba irin wanda ake gwadawa a cinikin tumatir a madadin kwando. Shawara ce mai kyau, to amma masu ba da ita sukan manta da abu biyu. Muddin kuɗin mota da na kasuwa bisa kai ake biya, wanda ya raba buhu ɗaya gida huɗu ya ninka wa kansa caji ne kurum. Sa'an nan akwati yana da tsada, tilas ya dawo, dawowarsa fayau kuwa ita ma kuɗin mota ce. Kwando da tsohon buhu can ake barinsu.

A gefe guda, buhun wake mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007, ya karɓu ba tare da an tilasta wa kowa ba. Leda biyu ne a ciki da buhun saƙa a waje, a ɗaure kowanne daban, iska ta ƙare, ƙwari su mutu ba da magani ba. Ya karɓu ne domin wanda ya sayi buhun shi ke cin ribarsa idan ya ajiye wake har farashi ya tashi. Muhimmancin wannan ya ƙara bayyana a 2015, lokacin da Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari a jikinsa.

Hanya

Daga Kalgo kaya sukan bi Jega, su kama babbar hanyar da ta ratsa Koko da Yawuri da Kwantagora da Mokwa, su haye Kwara a Jebba, su bi Ilori da Ibadan zuwa Legas, tafiyar da ta haura kilomita 800. Hanya ɗaya ce tilo a zahiri, kuma abin da ya same ta ya sami kowa. Gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba ta karye a Yuni na 2017, ambaliyar Mokwa ta watan Mayu na 2025 ita ma ta yanke hanyar, motoci suka yi cirko-cirko. Mai buhun shinkafa ya yi asarar kwanaki, mai albasa da tumatir ya yi asarar jari. Haka kuma a Fabrairu na 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha ta Ibadan, ƙungiyar dillalan abinci da dabbobi ta dakatar da kai kaya kudu na 'yan kwanaki. Farashi ya hau a Legas, ya faɗi warwas a kasuwannin arewa, abin da ya nuna cewa wanda ba shi da wurin ajiya ba ya iya yajin aiki mai tsawo. Ta yamma kuma, hanyar Bunza zuwa Kamba ta sha rufin iyaka, daga Agusta ta 2019 zuwa Afrilu na 2022, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 har zuwa Maris na 2024.

Masu nazarin sufuri a duniya sukan kafa hujja da kwantena. Tun da Malcom McLean ya ɗora akwatunan ƙarfe 58 a kan jirgin Ideal X daga Newark zuwa Houston a Afrilu na 1956, aka zo aka daidaita girman akwatin, jirgin ruwa da na ƙasa da tirela duk aka ƙera su bisa awonsa. Ba ƙarfen ne ya rage tsadar dako ba, yarjejeniya ce a kan awo ɗaya. An buɗe tashoshin kwantena na kan tudu a Kaduna a 2018 da Dala ta Kano a 2023, an kuma ƙaddamar da aikin babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, wadda za ta ratsa Kebbi, a 2024. Duk waɗannan za su taimaki mai babban jari. Amma buhun manomin Diggi, kafin ya ga kwalta, sai ya hau amalanke ko babur ko jaki daga fadama zuwa gida, daga gida ya hau a-kori-kura zuwa kasuwa, daga nan a sake loda shi a babbar mota. Kowane lodi da saukale kuɗi ne, kuma dama ce ta yagewa da zubewa da jiƙewa. A shekarar ambaliya irin ta 2020 wannan ɗan gajeren zango ne ke fara yankewa, kuma cire tallafin man fetur a Mayu na 2023 ƙananan motoci da babura ya fi bugu, domin manyan motoci da man dizal suke tafiya.

Saboda haka gyaran da ya fi kusa da hannun ƙaramar hukuma da sarakunan kasuwa da ƙungiyoyin direbobi shi ne a mai da kuɗin dako da na kasuwa bisa kilo, a kuma girke sikeli da na'urar auna laima a kasuwannin da manoma ke kai kaya, irin su Kalgo da Jega da Aliero. Tambayar da za ta taso, wadda nake fata mahalarta za su tattauna a kai, ita ce hannun wa za a damƙa wa sikelin. Idan na mai saye ne manomi ba zai amince ba, idan na dillalai ne an ba kura ajiyar nama. Ƙungiyar manoma ta gari, tare da wakilin hakimi da jami'in awo na gwamnati mai zuwa duba sikelin a farkon kowace kaka, ita ce mafi kusa da abin da ɓangarorin biyu za su iya yarda da shi.