Asibitin Mazaɓa: Wa ke sa hannu kafin a taɓa kuɗin magani?

Idan naƙuda ta kama mace da tsakar dare a Kurugu, abin da ke fara zuwa ran mijinta shi ne ko za su tarar da ma'aikaciya a asibitin mazaɓa, ko akwai magani, ko kuwa sai an nemi mota zuwa garin Ƙaraye. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, tsarin kiwon lafiya na Najeriya ya ba mutanen gari ta-cewa a kan waɗannan abubuwa.

Kurugu na cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Ƙaraye, wadda ita da Rogo suke ƙarƙashin Masarautar Ƙaraye. Jihar Kano na da mazaɓu 484, kuma an tsara kowacce ta samu Kwamitin Raya Mazaɓa, wanda ma'aikatan lafiya ke kira WDC. Aikinsa shi ne sa ido kan asibiti, da kai koken jama'a ga hukuma.

Mafarin tsarin

A 1978, taron duniya na Alma-Ata ya amince cewa jama'a na da haƙƙin shiga tsara kiwon lafiyarsu. A 1987 kuma ministocin lafiya na Afirka suka haɗu a Bamako, babban birnin Mali, suka yarda a sa al'umma cikin kula da kuɗin magani a ƙananan asibitoci.

A Najeriya, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kiwon lafiya a matakin farko, wato BHCPF, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. An fara rabon kuɗin a 2019, da nufin a samu asibiti ɗaya mai aiki a kowace mazaɓa.

Wani kaso na kuɗin yana shiga kai-tsaye asusun bankin asibitin da aka zaɓa. Bisa ƙa'ida, shugaban asibiti ba ya cire su shi kaɗai, sai shugaban kwamitin mazaɓa ya sa hannu. Tare suke tsara abin da za a yi da su, ko sayen magani, ko gyaran rufin da ke yoyo, ko samar da ruwa da wutar sola.

Inda gizo ke saƙar

Sa hannu kaɗai ba ya gyara asibiti. Idan siyasa ce ta ɗora mutum a kwamiti, ko kuma shi da iyalinsa a Kano suke neman magani, ba lallai ya san ranar da allurar rigakafi ta ƙare ba.

Waɗanda suka fi zuwa asibitin mazaɓa mata ne masu awon ciki da masu kai yara rigakafi. Su suka san lokacin da ake buɗe ƙofa da abin da ake cewa su biya. Ƙa'idar ta ce a sa mata a kwamitin, amma idan aka sa taro da dare, ko a zauren da maza kaɗai ke zama, kujerar tasu ta zama ta takarda. Haka ma manomi ba zai bar gona da damina ba don taron da bai ga amfaninsa ba.

Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk mazaunin Kurugu, ko Zarewa da Fulatan a Rogo, yana da ikon ya tambayi mai unguwa ko dagaci sunayen 'yan kwamitin mazaɓarsa, da ranar zamansu, da nawa ne ya shigo asusun asibiti da abin da aka saya. Kwamitin da ya san za a yi masa waɗannan tambayoyi, zai duba takarda da kyau kafin ya sa hannu.