Marubuciya, Yaushe Kike Barci?

Ƙarfe ɗayan dare ne, gidan kowa ya yi tsit, ke kuma kina ƙudundune a cikin net da waya a hannu kina typing. Idonki na yaji, wuyanki ya ƙage, amma ’yan group sun cika miki WhatsApp da “Aunty ina posting ɗin yau?” Da asuba ga abin kari, ga shirya yara makaranta, ga wanki. Idan wannan rayuwarki ce, ko kai ɗan uwa da ke haɗa rubutu da karatu ko zaman shago, zauna mu yi magana. Da yawa daga cikin littattafan da ke tsayawa a tsakiya a Wattpad ba basira ce ta ƙare wa masu su ba. Jiki ne ya gaji.

Bari in ba ki labarin Flannery O’Connor, marubuciya ’yar Amurka. Tana da shekara 25 cutar lupus ta kama ta, cutar da garkuwar jiki ke juyawa ta riƙa yaƙar jikin mai ita. Ita ce ma ta yi ajalin mahaifinta. Sai ta koma gonar mahaifiyarta a jihar Jojiya, ta tsara yininta daidai ƙarfinta. Da safe ta yi ibada, daga wajen ƙarfe tara zuwa sha biyu ta zauna ta yi rubutu, shi ke nan. Yamma ta hutu ce, da amsa wasiƙu, da kula da tsuntsayenta. Daga baya ma sai da sanduna take tafiya. Da waɗannan ’yan sa’o’in ta fitar da ƙagaggun littattafai biyu da gajerun labarai kusan 30 kafin ta rasu a 1964 tana da shekara 39.

Toni Morrison ita kuma yara ne suka tsara mata lokaci. Aurenta ya mutu, tana riƙe da ’ya’ya maza biyu, tana aikin edita a kamfanin buga littattafai. Sai ta riƙa tashi tun kafin gari ya waye, ta yi rubutu kafin yaran su farka. Littafinta na farko ya fito a 1970, a 1993 kuma ta ci kyautar Nobel.

Ga ta gida ma. Buchi Emecheta, haifaffiyar Legas, ta yi renon ’ya’ya biyar ita kaɗai a Landan, tana aiki tana karatun digiri. Mijinta ya ƙone mata rubutunta na farko ƙurmus, amma ta sake rubuta shi.

Me za ki ɗauka daga nan?

Na farko, ki gano lokacin da kanki ya fi aiki, ki ba rubutu shi. Ga mutane da yawa bayan sallar asuba ne, kafin hayaniya ta tashi. Amma fa ba a haɗa tashin asuba da kwana kan waya. Babban mutum na buƙatar barcin aƙalla awa bakwai, don haka wadda za ta yi sammako dole ta kwanta da wuri.

Na biyu, ki raba aikin gida biyu. Ƙirƙirar sabon shafi na son natsuwa. Gyaran kurakurai da amsa comments kuwa ana iya yin su kina jiran tukunya ta nuna. Idan dabara ta faɗo miki kina wanke-wanke, ki yi wa kanki voice note, kar ki ce za ki tuna.

Na uku, kar ki yi alƙawarin posting kullum. Ki tara shafuka goma a ajiye kafin ki saki na farko, sannan ki ce sau uku a mako. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ke, ko yaro ya kwana yana kuka, ko wuta ta ƙi zuwa caji ya ƙare, kina da na ajiya.

Na huɗu, idan kina fama da sikila, olsa ko ciwon kai mai dawowa, ki sa ranakun ciwo a lissafi tun farko. Magani, abinci da ganin likita su ne gaba, rubutu ya biyo baya. Ki riƙa miƙewa ki ɗan taka bayan kowane rabin awa, kuma ki sha ruwa.

Na ƙarshe, ki yi magana da mutanen gida. “Mama, daga bakwai zuwa takwas zan ɗan yi rubutu, in na gama zan share tsakar gida” ta fi ki shige ɗaki ki bar aiki ana ta ƙwala miki kira.

Lissafin ba wuya. Kalma 300 a rana, kwana biyar a mako, ta haura kalma 75,000 a shekara. Littafi guda ke nan cif. Masu karatu za su jira, in dai labarin ya yi daɗi. Yau dai ki kashe data, ki kwanta.